Na Ashirin da Bakwai

A Tomsk dare kan sauka tun la'asar.
Kogin Tom ya daskare har ana taka bayansa.
Mu muna ɗakin ƙasa, ni da Rimma,
warin man taransifoma ya kama hannun rigarmu.

Ga hasumiyar nan tsaye cikin randar ƙarfe,
makunnai arba'in, wani bisa wuyan wani,
kowanne bai fi guntun sabulu ba,
kowanne iyakar ƙarfinsa bolt dubu.
Tare suna riƙe da dubu talatin ba nishi,
muddin in za a saki, a saki tare.

Sau uku na ashirin da bakwai yana ƙonewa.
Ba wata ƙara, tas, kamar an karya tsinke,
sai ƙauri, sai layin allo ya kwanta.
Na zage shi, na zagi kamfanin da ya ƙera shi,
na ciro gawarsa da hantsaki na dasa sabo,
sabon ma ya bi sawun na da.

Rimma ta tura tabarau bisa furfurarta,
ta matse lemon tsami a shayin da ya huce.
"Zakhar, ka taɓa ɗaukar gungume?
Ubana a dajin Narym yake sarar itace.
Su takwas kan ɗauki guda a kafaɗa.
Ɗauka ba komai ba ce, saukewa ce aiki.
Ɗaya kan yi kira, kowa ya zame lokaci guda,
wanda kiran ya iske a makare
shi kaɗai gungumen ya sani.
Ubana bai fi kowa rauni ba,
kunnensa na hagu ne ya toshe tun yana yaro.
Har ya mutu bai ƙara ɗaga wannan hannun ba.
Ka daina tuhumar kafaɗa.
Je ka tambayi kiran."

Kiran namu haske ne,
zaren gilashi arba'in daga baki ɗaya,
kowane zare zuwa kunnen makunninsa.
Raba sakan gida biliyan ka ɗauki gida guda:
a cikinsa haske taƙi ɗaya yake ci.
Na durƙusa da magwaji ina bin su ɗai-ɗai,
yatsuna sun ƙage, gwiwata ta yi sanyi.

Can bayan randa na same shi a nannaɗe,
rarar kamu huɗu, an ɗaure da baƙin tef.
Na gane ɗaurin.
Ni ne, ran da nake saurin kama motar ƙarshe,
na ce kar a yi asara, a bar shi ko zai yi rana.

Ashe duk lokacin da 'yan'uwansa suka saki,
shi yana tsaye yana jiran saƙo,
saƙon yana can yana kewaya tattalina.

Na yanke, na goge bakin har ya yi sheƙi.
Ƙarfe huɗu na asuba muka ja ƙofar keji,
jan fitila ta kama, Rimma ta ƙirga uku.
Layin allo ya miƙe tsaye kamar bango,
ya tsaya, ya sauka. Ba ƙauri.
Muka sake, sau ɗari, sau dubu.

Ba murya ɗaya ba ce tsantsa.
In ka buɗe layin za ka ga 'yar tazara,
wani ya riga wani da faɗin yatsa uku,
abin da wuya zai iya jurewa.

Rimma ta taɓa kan randa da sandar sauke wuta,
sannan ta naɗa gyalenta.
"Wannan kunnawa ce," in ji ta. "Gobe kashewa.
A can kuma mai gaggawa ne ke ƙonewa."

Na fito, dusar ƙanƙara na ƙara ƙarƙashin takalmi.
A aljihuna guda ukun nan suna gogar juna.
Na kai bakin kwandon shara na tsaya,
na wuce da su gida.